Kujerar Baya

Malam Abdulhakeem, mijina, taƙamarsa ɗaya ce a duniya: wai tun da ya buɗe rumfar yadi a kasuwar Azare ba a taɓa cin sa a ciniki ba. Ban musa ba. Na taɓa ganin ya sayi ragon layya, sai da mai ragon ya koma ba shi haƙuri a kan ƙahon dabbarsa. Ko tumatir zai saya, sai ya tono ruɓaɓɓe ɗaya daga ƙasan kwando ya ɗaga shi kowa ya gani, sannan ya taya. Yakan ce da ni, "Khaulat, wanda ya yabi kaya, da aljihunsa zai biya yabon." Shekara goma sha huɗu ina jin wannan karatu ban damu ba, don ba a kaina ake yin sa ba. Sai da maganar motar Baban Emma ta taso.

Baban Emma, sunansa na gaskiya Zacchaeus, mutumin Bogoro ne, malamin gona. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a unguwar Matsango. Matarsa Roda ita ta fara yi wa 'yata Ikhlas wanka ranar da na haife ta, ni kuma ni na koya wa 'yarsu Emmanuella dama fura. Yana da wata tsohuwar mota ruwan toka mai ƙofa huɗu, wadda shi ma a hannu ya saye ta. Ba ta da kyau, kuma ba ta taɓa cewa tana da shi ba. Ƙofar direba sai an ɗaga ta kafin ta rufu, gilashin baya na hagu ba ya sauka. Amma ka murɗa makulli ta tashi, ka ce mata Katagum ta kai ka.

Katagum ɗin nan shi ne damuwata. A can mahaifiyata, Inna Fatu, take zaune, ta ƙi barin ɗakin da mahaifinmu ya rasu ya bar ta a ciki. Tana da ciwon suga, ya buɗe mata gyambo a ƙafar dama, duk bayan mako biyu sai an kawo ta asibiti a Azare an wanke an sake ɗauri. Ƙafar ba ta lanƙwasuwa, dole sai a miƙe. Shekara shida cur, Baban Emma ke haɗa rangadinsa na gonakin yankin Zaki da ranar asibitinta. Ya ɗauko ta ran Laraba, ta miƙe ƙafa ita kaɗai a kujerar baya, ya mayar da ita ran Asabar. Ba ta kiran sunansa, "ɗana" take ce masa, kuma ba ta taɓa shiga motar ba tare da ƙullin busasshen kifi da ta tanadar masa ba.

A bana ya yi ritaya, ya ce zai koma gida. Ranar da na ji, ban yi tunanin maƙwabtaka ba, Allah ya yafe mini, ƙafar Inna na tuna. Motar haya ta hanyar nan mutum huɗu take zubawa a baya, biyu a gaba, ga buhu a kan cinya.

Kwana biyu bayan haka Roda ta shigo ina tankaɗe. Ta zauna a kan turmi, ta rage murya.

"Maman Ikhlas, Baban Emma ba zai tafi da motar ba. Hanyar ƙauyenmu ba ta irinta ba ce. Ya ce gara ta zauna inda aka san ta. Ki gaya wa Malam ya zo ya taya, ko nawa ya ce, an sallama masa."

"Ko nawa?"

"Ko nawa. Kyauta ya so ya ba shi, na ce masa Malam ba zai karɓi kyauta ba, ya ji kunya. To ya faɗi wani abu dai a ce an yi ciniki."

Na rungume ta da garin tuwo a hannuna. Da yamma Malam ya dawo, na bari ya ci abinci ya sha ruwa, sannan na kwashe duka na faɗa masa, ina jiran ya ce alhamdulillahi. Sai ya ajiye kofi ya yi wani murmushi da na tsana, irin wanda yake yi wa mai kawo masa yadi daga Kano.

"Ko nawa na taya? To akwai lauje cikin naɗi. Banza ba ta kai zomo kasuwa, Khaulat. Injin ya kusa bugawa, ya sani, yana neman wanda zai jibga wa."

"Malam, motar da ta shekara shida tana ɗaukar uwata?"

"Shi ya sa. Shekara shida a hanyar Gadau, ko jaki ne ya gaji. Ke kin san abin da ake kira tsohuwar mota? Mata ta biyu ce da ba ta girki, sai ci. Yau taya, gobe batir, jibi bakanike ya san sunan 'ya'yanka. Ga mai, tun da aka cire tallafi ko masu sababbin sun jingine."

"To kada ka saya. Ka faɗa mini yadda za a kawo Inna."

Na san ya daɗe yana kallon motar nan ta ƙasan ido. Yana so, so na gaske. Abin da ba ya so shi ne a ce a majalisa an yi masa alfarma. Daga ƙarshe ya ce zai saya, amma sai an yi ciniki irin na maza, kuma zai zo da wanda ya san mota.

"Wa?"

"Bunu."

Bunu dillalin motoci ne a bakin tasha, bakinsa ya fi reza. An ce ya taɓa kushe wata mota har mai ita ya tafi ya bar makullin a jiki. Na ce, "Malam, ka yi wa Allah ka je kai kaɗai. Ka yi sallama, ka faɗi abin da za ka iya, ku gaisa. Ba rago ba ne."

"Kowane kaya rago ne in an zo saye," in ji shi. "Ki bar wa masu kasuwa kasuwa."

Ranar Lahadi da la'asar aka yi ta, bayan su Roda sun dawo daga coci. Baban Emma ya wanke motar da kansa, har tayoyin ya goge, ya faka ta a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida. Ya saka farar riga. Ya fito da kujeru da ruwan sanyi, kamar mai jiran masu neman auren 'yarsa. 'Yan majalisar layinmu suka matso, don ba a cinikin mota a unguwa ba 'yan kallo. Ni ina tsaye a zaure, ta bayan labule nake gani.

Bunu bai sha ruwan ba. Ya zagaya motar sau biyu hannu a baya, ya doki taya da ƙafa, ya tsotsi haƙori.

"Wannan ce?"

"Ita ce," in ji Baban Emma yana murmushi.

"Na ɗauka tana ciki, wannan gawarta ce aka fito da ita."

Aka yi dariya, shi ma Baban Emma ya ɗan yi. Shekara ashirin da biyu yana Azare, ya san yadda muke ciniki, ya san kushe ƙofar tayi ce. Ya tsaya yana jira a wuce wurin.

Ba a wuce ba. Bunu ya buɗe bonet, ya zaro ƙarfen baƙin mai ya shinshina ya yamutsa fuska. Ya ce lagireto ya sha faci. Ya sa aka tayar, ya kara hannu a bakin salansa, ya nuna wa jama'a tafinsa. Ya ce fentin nan uku ne a kan juna. Ya ɗaga ƙofar direba ya sake ta, ta yi ƙara, ya ce ko ƙofar kejin kaji ta fi ta mutunci. Duk abin da ya faɗa, sai Malam ya gyaɗa kai ya ƙara gishiri. Shi ya tuna masa gilashin da ba ya sauka. Shi ya ce akwai ranar da ta ƙi hawa tudun gada sai da aka tura, alhali shi ne ya aro ta ranar ya bar ta ba mai.

Murmushin Baban Emma ya fara bushewa. Ya ce a hankali, "Malam Abdul, ai ka san ta. Ka faɗi abin da ka zo da shi kawai."

"Sannu-sannu, Baban Emma. Ba a sayen kare a buhu."

Sai Bunu ya buɗe ƙofar baya ya zura kai. Ya ja da baya da sauri yana toshe hanci.

"Kai, wannan kuma fa? Yanka aka yi a nan?"

Akwai wani tabo a kujerar, faɗinsa ya kai faranti, baƙi-baƙi ja-ja, a gefen dama. Na san shi kamar yadda na san tafin hannuna. Damina uku da suka wuce gyambon Inna ya fashe a hanya, tsakanin Gadau da Azare, jini da mugunya suka ɓalle. Baban Emma ya tsaya a cikin ruwan sama, ya cire rigarsa ya ɗaure ƙafar, ya shigo asibiti daga shi sai singileti. Roda ta kwana uku tana dirzar kujerar da omo da toka, tabon ya ƙi fita. Ba su taɓa ambata mana ba, ko sau ɗaya.

Bunu bai san wannan ba, ba zan ɗora masa ba. Aikinsa yake yi. Ya dubi Malam ya ce, "Wa zai sa iyalinsa a kan wannan ƙazanta? Warin asibiti ma take yi. Alhaji, sai an canza kujera gaba ɗaya."

Na riƙe labule ina cewa a zuciyata, Malam, yi shiru. Ka ce a bar wannan. Ka ce komai.

Mijina ya leƙa, ya kalli tabon. Na ga ya gane shi. Amma idon majalisa na kansa, kuma ga ƙofar ragi ta buɗe, shi kuwa bai taɓa ganin irin wannan ƙofa ya wuce ba.

"Gaskiya ne," in ji shi. "Dole a cire kuɗin kujera. Ba zan sayi dattin da ban san na wane ne ba."

Sannan ya taya, abin da ko tsohon babur ba zai saya ba.

Baban Emma ya daɗe yana kallonsa. Ya je ya rufe ƙofar bayan a hankali, ya rufe bonet, ya zare makulli ya saka a aljihu.

"Albarka," ya ce.

Bunu ya yi dariya. "To a ƙara masa kaɗan, Alhaji."

"Ko ya ninka sau goma, albarka. Malam Abdul, ba ka san na wane ne ba?"

"Baban Emma, ciniki ne fa."

"Na ji. Na tambaye ka ne, ba ka san na wane ne ba?"

Malam ya kau da kai yana gyara hula. Baban Emma ya tattara kujerunsa ɗaya bayan ɗaya, ya zubar da ruwan sanyin a gindin bishiya, ya shige gida ya sa sakata.

Abin da na faɗa wa Malam a tsakar gida ba zan maimaita duka ba, don Ikhlas za ta iya karanta wannan wata rana. Na ce masa jinin uwata ne ya kira datti a gaban 'yan layi. Na ce garin neman gira ya rasa ido, kuma idon ba nasa ba ne, na Inna ne. Ya ce in rage murya. Ya ce ni mace ce, ban san kasuwa ba, "albarka" ta farko ba ta kashe ciniki, mai kaya yakan yi fushi ya huce, kafin Juma'a da ƙafarsa zai aiko.

"Ka je ka ba shi haƙuri."

"A kan me? Na zage shi? Mota na kushe."

"Ka san abin da ka yi."

"In na je yanzu, farashi ya tashi. Ki bari ki gani."

Wallahi haka ya ce. Har a lokacin lissafin farashi yake yi.

Washegari na shiga gidansu da kaina. Roda tana naɗe kwanuka a tsofaffin jaridu tana jerawa a kwali. Ta amsa gaisuwata kamar ta baƙuwa, ba ta ce in zauna ba. Baban Emma yana tsugune yana ɗaure katifa da igiya. Na durƙusa na ce, "Baban Emma, ni na zo, ba shi ba. Ka dubi Inna."

Bai ɗago ba. "Inna uwata ce, Maman Ikhlas. Har in mutu."

"To ka bar mata motar."

"In bar wa wa? In bar wa mijinki, ya zauna a rumfa yana ba da labarin yadda ya ci ɗan Bogoro? Da ya zo ya ce, Zacchaeus, ba ni da ko sisi, da makullin yana hannunsa yanzu. Na san kushe, na sayi akuya a garin nan, na sayi hatsi. Da ya tsaya a kan inji da ƙofa, da dariya zan yi. Amma matata ta kwana uku a kan kujerar nan, hannunta har ya saɓule."

"Zan sa shi ya zo."

"Ya san ƙofar. Shekara goma sha huɗu yana shigowa aron makulli."

Na fito ina jin haushinsa shi ma, ba zan ɓoye ba. Gaskiyarsa ce, amma gaskiyarsa ba za ta ɗauko Inna daga Katagum ba. Maza biyu, kowa ya rungume zuciyarsa yana lallashi, tsohuwa kuma tana can ba ta san ana yi ba.

Juma'a ta zo ta wuce, ba wanda ya aiko. Malam ya fara fita ta ƙofar baya don kada su haɗu. A majalisa kuma ra'ayi ya rabu: wasu suka ce Allah ne ya tsare shi da sayen wahala, tsohuwar mota ramin kuɗi ce, wasu suka ce irin waccan ƙirar ba a sake yin ta, ko jikansa zai hau. Kowa ya zama bakanike. Malam ya riƙe maganar kashi na farko yana kawo mini gida kamar tsaraba, ni kuwa na daina amsa masa.

Ranar Litinin da hantsi babbar mota ta zo ta kwashe kayansu. Malam ya fita kasuwa tun da sassafe, abin da bai saba ba. Roda ta shigo ta yi mini sallama a tsaye, muka yi kuka, amma ba irin kukan da ya kamata mu yi ba. Da na raka ta waje, sai na ga motar ruwan toka cike da kwalaye da buhuna tun daga bayan direba har gilashin baya. Na yi mamakin yadda ta ɗauki wannan kaya. Emmanuella ta bi babbar motar, Roda ta shiga gaba. Baban Emma ya ɗaga ƙofarsa ya rufe, ya ɗago mini hannu ba tare da ya juyo ba. Murɗawa ɗaya ta tashi.

Sai da ƙurarsu ta kwanta na juya, na gan ta jingine da bangon zaurenmu. Kujerar baya ce, ya kwance ta ɗungurungum, mazauni da majingina, ya ajiye mana. Ba takarda, ba saƙo. Tabon yana kallon titi.

Na ja ta da kaina na shigar tsakar gida, na ajiye a inuwar rumfa, daidai inda Malam ke shimfiɗa tabarma ya ci abinci. Da ya dawo ya gan ta, ya tsaya turus.

"Mene ne wannan?"

"Abin da ka ce a cire ne. An cire."

Ya ce in fitar da ita. Na ce ya fitar da kansa in ya isa, ya bi da ita ta gaban majalisa. Bai taɓa ta ba. Ya koma cin abinci a ɗaki.

Laraba ta zo. Na tafi Katagum na ɗauko Inna a motar haya. Na roƙi direba ya bar mana bayan mu biyu, ya ce ranar kasuwa ce, ba zai bar mutane a tasha ba. Mu huɗu aka matse, ƙafarta a lanƙwashe, wata mata da buhun gero a kan gwiwa tana ta ba ta haƙuri. Inna ba ta yi ƙorafi ba, sai salati take yi duk ramin da aka faɗa. Na ce mata motar ɗanta tana da uzuri, na kasa faɗa mata sauran. Kafin mu iso Azare ƙafar ta kumbura, bandejin ya jiƙe ya rine.

A Keke Napep muka ƙaraso gida. Malam yana nan, shi ya taimaka muka shigo da ita, yana ta sannu, Inna, sannu. Ba ta iya kaiwa ɗaki ba, muka zaunar da ita a kan abin da ya fi kusa. Ta jingina, ta miƙe ƙafar a gefen dama, ta sauke numfashi. Idonta ya yi rauni shekarun nan, da hannu take gane abubuwa. Ta shafa majinginar, ta shafa ɗinkin gefe, ta tsaya.

"Wannan ai wurina ne," in ji ta. "Khaulatu, me ya fito da shi nan? Gyara ake yi wa motar?"

Na kalli Malam. Ya kalli ƙasa.

Inna ta kwance bakin zaninta, ta fito da ƙullin busasshen kifi a baƙar leda, ta miƙa shi sama, wajen da take jin tsayuwar mutum.

"Malam, ungo, miƙa wa ɗana ta katanga. Ka ce masa na wannan karon manya ne, na zaɓa masa da kaina."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya tsaya riƙe da ledar a tsakiyar gida, yana kallon katangar.